MBR ko GPT: wanne za ka bi ba tare da ka rasa kayanka ba?

Ɗan'uwa, ka ce kana ɗora Windows a laftof ɗinka ta tokumbo, ka zaɓi raba diski da hannunka don kada a taɓa D inda hotunan iyali da takardun aikinka suke, sai ta ce ba za ta hau ba saboda diskin MBR ne. Ka tambaya wanne ya fi tsakanin MBR da GPT, wato tsari biyu na raba diski.

Kwantar da hankalinka, diskin lafiyarsa ƙalau. Filashin da kake ɗora Windows da shi ya tashi ta UEFI, wato sabon tsarin tayar da kwamfuta, shi kuwa UEFI a wajen Windows sai da GPT.

MBR tsoho ne, tun 1983 yake aiki. Manyan fatishan, wato ɓangarorin diski irin C da D, huɗu kawai yake ɗauka, kuma bai iya amfani da abin da ya haura 2TB. Laftof da yawa na zamanin Windows 7 ma da huɗun nan a cike suke zuwa, shi ya sa mutum zai ga fili a diski amma a hana shi yanka sabo. Teburin rabonsa kwafi ɗaya ne tal, a farkon diski. Ya lalace, sai neman mai gyara.

GPT kuwa Windows na ba shi fatishan har 128, ga kwafi na biyu a ƙarshen diski. Sharaɗinsa wani ɗan fatishan na EFI, FAT32, wajen 100MB. Mutane na ganinsa ƙarami su goge, kwamfuta ta ƙi tashi. Bar shi.

Ni GPT nake ba ka shawara. Windows 11 shi take buƙata, ita kuma Windows 10 Microsoft ta daina tallafa mata tun 14 ga Oktoba 2025. In tsohuwar Windows ɗinka 10 ce kuma tana tashi, gwada mbr2gpt, wani umarni da ke cikin Windows, yana juya diski ba ya goge komai, muddin fatishan ɗin duk manya ne kuma ba su wuce uku ba. Sannan ka mayar da BIOS, wato saitin tashin kwamfuta, kan UEFI. In injin ya tsufa da yawa, sake haɗa filashin a Rufus, manhajar haɗa filashin Windows, ka zaɓi MBR, ka tashe shi ta Legacy, wato tsohon tsarin tashi, ka yi wa C kaɗai fomat.

Abin da nake roƙonka: za a ce ka danna Shift da F10, ka shiga diskpart ka rubuta clean. Don Allah kar ka yi. Diskin gaba ɗaya yake sharewa, har da D. Na taɓa zama gefen wani da ya yi haka, yana ta kallon allo, hotunan mahaifiyarsa marigayiya na ciki. Kwashe kayan D zuwa wani diski tukuna, ko da mbr2gpt za ka yi.