Place ko grid a Tkinter? Amsa ga mai gina manhajar shago

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tkinter dai shi ne kayan aikin Python na gina tagar manhaja, place da grid kuma hanyoyi biyu ne da yake jera kaya a cikinta. Ka ce wani ya gaya maka place ya fi grid sauƙi wajen jera maɓallai da akwatunan rubutu a tagar manhajar shagon turaren da kake ginawa, kana son sanin wanda za ka kama. Kama grid. In sauri kake yi amsar ke nan, in kana da lokaci ga dalilina.

Mutumin bai yi maka ƙarya ba, a ranar farko place ya fi daɗin aiki. Ka ce maɓalli ya zauna a x=40, y=120, faɗinsa fiksel 90, sai ka gan shi daidai inda ka ajiye shi. Ƙirgen daga kusurwar sama ta hagu yake farawa, x na tafiya dama, y na gangarowa ƙasa. Yaro ma zai gane. Ni ma ta nan na shiga, har da kuɗina.

Kawuna yana tsaron wani shagon dabino a nan Madina. Ganin yadda yake fama da littafi da biro, sai na sayi wata manhajar kashiya da aka riga aka rubuta, riyal 300, da niyyar in gyaggyara ta ta dace da shagon. Gaba ɗayanta da place aka jera ta, a taga mai faɗin 1200 da tsayin 800. A ɗakina allon kwamfutata 1920 ne da 1080, komai ya zauna tsaf. Laftof ɗin shago kuwa tsohuwa ce, 1366 da 768, irin waɗanda suka cika kasuwa a shekarun baya. Tsayin taga ya zarce tsayin allo tun kafin a cire sandar Windows ta ƙasa, maɓallin buga fatura kuma an dasa shi a y=750. Cikin azumi ne, an idar da tarawihi, masu Umara sun cika bakin shago, wannan na son dabinon ajwa kilo biyu, wancan na taya na sukkari. Kawu ya kira ni a waya, muryarsa ƙasa-ƙasa don kar baƙi su ji, ya ce, "Ɗana, ina abin da ake dannawa?" Maɓallin yana can ƙasan allo inda linzami ba ya kaiwa. A daren nan biro ya koma wa, kuma kunyar ba ta sake ni ba har yau.

Washegari na zauna gyara, na tarar da kaya sun haura sittin a cikin tagar, kowanne da lambobinsa huɗu. Na matsar da jadawali sama, ya hau kan akwatin bincike. Na matsar da akwatin bincike, ya rufe sunan shago. Place bai san akwai maƙwabci ba, inda ka ce nan zai ajiye ko da a kan wani ne.

Grid kuwa kamar kantar shago yake. Ba ka auna wa kwalba wuri da tef, cewa kake yi ta zauna a hawa na biyu, gida na uku. Row shi ne layin kwance, column layin tsaye, dukkansu daga 0 suke fara ƙirge. Faɗin kowane layin tsaye yana bin abu mafi faɗi da ke cikinsa, tsayin layin kwance kuma yana bin mafi tsayi, Tk, wato injin da Tkinter ke aiki a kansa, shi ke yin lissafin. In abu ɗaya zai cinye gida biyu ko uku, kamar jadawalin kayan da aka saya, columnspan ke ba shi. Padx da pady su ne ratar da ke hana kaya cunkushewa. John Ousterhout ne ya ƙirƙiro Tk, aka ƙara masa grid a 1996, bayan mutane sun daɗe suna aiki da place da kuma pack, wata hanyar jera kaya ɗaya bayan ɗaya.

Akwai abu biyu da in ba ka riƙe su ba za ka ce grid ma bai yi ba, kuma a nan yawancin masu koyo ke juyawa su koma place. Na farko sticky. Abu yana zama ne a tsakiyar gidansa da girmansa na asali, sai ka gaya masa bangon da zai manne wa: n sama, s ƙasa, e dama, w hagu. Ka ba shi "ew" ya miƙe daga hagu zuwa dama, ka ba shi "nsew" ya cika gidan. Na biyu weight, wanda ake sawa ta columnconfigure da rowconfigure. Shi ke raba filin da ya ƙaru idan aka faɗaɗa taga. Asalinsa 0 ne a kowane layi, shi ya sa za ka ja taga ta cika allo amma kaya su dunƙule a kusurwa, sauran fili fayau. Ka ba layin jadawali weight=1, ka bar na lakabi a 0, duk ƙarin fili jadawali zai sha. In ka ba ɗaya 1, ɗaya 2, na biyun ya samu ninkin rabon na farko. Su biyun tare suke tafiya. Weight na faɗaɗa gida, sticky na sa abin ciki ya bi faɗin. Ka sa ɗaya ka manta ɗaya, aikin bai cika ba.

Dare biyu na yi ina sake jera manhajar Kawu. Firam uku na yi, wato sassan da ake tara kaya a cikin taga: na sama don bincike, na tsakiya don jadawali, na ƙasa don jimla da maɓallai. Na tsakiyan kaɗai na ba weight, na kuma sa minsize, wato mafi ƙanƙantar girman taga, don kar a matse taga ta wuce misali. Tun daga lokacin, ko a wace kwamfuta aka buɗe ta, jadawali ne ke raguwa ko ƙaruwa, maɓallin fatura yana nan a idon mutum.

Abin da ya sa na ƙaunaci grid ya faru ne bayan sallah. Kawu idonsa ya fara rauni, ya ce rubutun ya yi masa ƙanana. Lamba ɗaya na canza, girman rubutu daga 11 zuwa 16. Muna zaune a shago, ya zuba min gahawa, na sake buɗe manhajar. Maɓallai suka ƙara girma da kansu, lakabi suka ba juna wuri, ba harafin da ya yanke. Ya matso da fuskarsa, ya ja baya, ya karanta sunan dabinon "safawi" daga inda yake zaune ba tabarau, ya ce, "Allah Ya yi maka albarka." Da place ne, rubutun ne kawai zai girma, faɗin fiksel 90 ɗin na nan yadda yake, sai rabin kalma ta ɓace. Dalili kuwa, a Tk girman rubutu da maki (point) ake auna shi idan lambar ba ta da alamar ragi, shi kuma place da fiksel yake aiki. Wannan saɓanin ne ke iya tasowa a sababbin laftof da Windows ke ƙara wa girman gani zuwa kashi 125 ko 150, a ga rubutu ya tsallake maɓallinsa.

Sai batun da ya shafe mu a nan Saudiyya, wato harshe. Shago a Makka ko Madina ba ya rasa Larabci, wani ma'aikacin Turanci yake karantawa, kai kuma wataƙila za ka so Hausa. Kalmar da ta ɗauki harufa uku a Larabci tana iya ɗaukar bakwai a Hausa, grid kuma ba ruwansa, zai buɗa mata. Ga kuma juyin dama zuwa hagu. Tk ba shi da umarni guda da ke juya taga, amma da grid aikin kaɗan ne: ka juya lambobin layin tsaye, e ta koma w, w ta koma e. Da place sai ka sake lissafin x na kowane abu ɗaya bayan ɗaya. In Larabci ne zai zama harshen manhajar na farko, ka leƙa Qt ma, wani kayan gina taga ne daban da Tk, domin umarninsa na setLayoutDirection na juya tsarin gaba ɗaya, kodayake shi ma abin da aka dasa da fiksel ba ya juya shi. Ka kuma gwada rubutun Larabcin a kan ainihin kwamfutar shagon, don a Linux Tk 8.6 yakan nuna haruffan a warwatse, ba a haɗe ba.

Place yana da ɗan amfaninsa, ba zan hana shi ba. In kana son ɗora ƙaramin saƙo a tsakiyar taga a kan sauran kaya, relx=0.5 da rely=0.5 da anchor na center sun wadatar. Iyakarsa ke nan a wurina. Pack ma ba laifi wajen jera maɓallai uku a layi ɗaya, sai dai kada ka haɗa shi da grid a cikin firam guda. Tk 8.6 zai tsayar da kai da saƙon kuskure, tsofaffin kuwa sukan daskare. A firam daban-daban babu matsala.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa, tunda ni an yi min. Akwai masu tallar manhajar kashiya a waya, hoto kawai suke turowa, kuma hoto ba ya nuna yadda taga za ta yi idan an ja ta. Kafin ka biya ko halala ɗaya, wato kwabon riyal, ka sa a buɗe ta a gabanka. Ka kama kusurwar taga ka ja, ka cika allo da ita, ka matse ta, ka ƙara girman gani na Windows. In taga ta ƙi jawuwa, ka tambayi dalili, domin da yawa resizable suke kashewa, wato damar jan taga, don ɓoye cewa da place aka dasa komai. Wanda ya sayar min haka ya yi, da na kira shi kuma cewa ya yi in sayi sabuwar laftof. Wani zai ce ka biya kuɗin lasisin Tkinter, alhali kyauta yake zuwa tare da Python. Wani kuma zai rantse maka manhajarsa ta cika ƙa'idar fatura. Ka sani harajin kaya a nan kashi 15 ne tun Yulin 2020, kuma tun 4 ga Disamba 2021 hukumar zakka da haraji da kwastan ta wajabta faturar lantarki, wadda ake ba mai saye kuma sai da lambar QR. Ka sa ya buga guda a gabanka, ka duba da wayarka.

Kafin ka taɓa kwamfuta, ɗauki takarda ka zana tagar, ka ja layukan kwance da na tsaye, ka rubuta lamba a kan kowanne, ka yi alama a layin da kake son ya miƙe. Ka duba girman allon kwamfutar shagon tukuna, ka gwada a kanta tun ranar farko. In kaya sun dunƙule maka a kusurwa, turo hoton tagar da layukan columnconfigure ɗinka, in sha Allahu bayan isha zan duba.