Wata Uku da Gyara Saitin Tsaron Chrome a Shagona na Nima

Ina da ƙaramin shagon buga takardu a Nima, cikin Accra, mai kwamfuta uku da jama'ar Zango ke amfani da su wajen cike fom, duba sakamakon jarrabawar yara da buga rasit. Abin da ya zaunar da ni na bi saitin tsaron burauzar Chrome (manhajar buɗe shafukan intanet) dalla-dalla ya faru ne wata safiya, da yaron shagona ya kira ni hankali a tashe, ya ce, "Maigida, zo ka gani, kwamfutar nan ta kamu." Na tarar da jan rubutu yana fitowa a kusurwar allo, wai an gano ƙwayar cuta, a latsa a biya kuɗin gyara. Wata Hajiya da ke jiran takardar ɗanta har ta ciro waya tana tambaya ko ta momo, wato hanyar tura kuɗi ta waya, ake turawa.

Kwamfutar lafiyarta ƙalau. Wani shafin sauke fina-finai ne ya nemi izinin aiko da sanarwa, wani mai zuwa shagon ya amince bai karanta ba, daga nan shafin ya samu ƙofar turo ƙaryarsa ko bayan an rufe shi. A sashen sirri da tsaro, ƙarƙashin saitin shafuka, na goge izinin, na kuma hana kowane shafi neman irinsa. Bai ɗauke ni minti biyu ba, kuma a ganina shi ne gyara mafi amfani da na yi, domin tun ranar jan rubutun bai sake leƙowa ba.

Tagogin da ke buɗe kansu kuwa, Chrome na toshe su tun daga farko, kuma haka na bar su. Wasu shafukan makarantu suna fito da rasit ko sakamako ta irin wannan taga, sai mutum ya latsa ya ga shiru. Idan haka ta faru, wata ƙaramar alama tana bayyana a gefen wurin rubuta adireshi, a nan ake ba wannan shafin kaɗai izini, sauran su ci gaba da zama a toshe. Wannan tsari ya gamsar da ni ƙwarai. Wani abin mamaki shi ne Ethan Zuckerman, Ba'amurken da ya rubuta umarnin tallan da ke buɗe taga lokacin yana aiki a kamfanin Tripod, ya taɓa zama a nan Accra daga 1993 zuwa 1994, kuma a 2014 ya fito fili ya nemi afuwar jama'a kan abin da ƙirƙirarsa ta zama.

Inda na fi daɗewa ina gwaji shi ne JavaScript, harshen umarnin da Brendan Eich ya ƙirƙiro a kamfanin Netscape a 1995. Shi ne ke sa shafi ya yi motsi: ya duba ko an cike fom daidai, ya buɗe taswira, ya kunna bidiyo. Shi ne kuma hanyar da shafin banza ke bi ya ja mutum zuwa wani wurin da bai nufa ba. Na kashe shi gaba ɗaya a kwamfuta ɗaya na tsawon mako guda. Shafukan labarai da yawa suka riƙa buɗewa da sauri, tallace-tallace suka ragu sosai, abin da duk mai sayen data da sidinsa zai ji daɗinsa. Sai dai fom ba ya tafiya, shafin biyan kuɗi ba ya buɗewa, YouTube ma ba ya kunnuwa, ga layin mutane suna jira, kowa da uzurinsa. Laifin ba na burauzar ba ne, domin a kan wannan harshe aka gina galibin shafukan yau, kuma wanda ya ce a rufe shi baki ɗaya bai taɓa tsayawa a gaban mai sauri ba.

Daga ƙarshe na raba aikin. Kwamfutar da yara ke hawa da yamma na bar JavaScript a kashe, na rubuta shafuka kaɗan da na yarda da su cikin jerin masu izini, ina ƙarawa idan buƙata ta taso. Biyun da nake aikin fom da biyan kuɗi da su na bar shi a kunne, amma ni da yarona kaɗai ke taɓa su. Na kuma liƙa takarda a bango da lambar 292 ta Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana, wadda ake kira ko a tura wa saƙo idan an yi yunƙurin damfarar mutum. Da Hajiyar ta dawo buga wata takarda, na karɓi wayarta na rufe mata izinin sanarwar a nan ma, saboda saitin yana cikin Chrome na waya kamar yadda yake a kwamfuta.