Saiti Mai Haske Ko Tocila: Wanne Mai Bindigar Hannu Zai Fara Saya?

Wani abokina direban babbar mota da ke zaune a Hustan, jihar Tekzas, ya kira ni wata rana bayan isha'i. Ya sayi ƙaramar bindiga ƙirar Glock 19 bisa ƙa'ida don ya ajiye a gida, sai mai shago ya jera masa kaya a kan tebur: ga saitin da ke haskawa cikin duhu (saiti shi ne 'yan ƙarafan da ke saman bindiga, gaba da baya, da ake daidaita ido da su wajen auna abin harbi), ga tocilar da ake ɗaurawa a ƙasan bakin bindiga, ga kuma saitin gilashi mai nuna jan ɗigo da ke aiki da batir. Shi kuwa dala 300 ce a aljihunsa. Ya ce, "Malam, wanne zan ɗauka?" Na ce masa ya fito daga shagon tukuna, mu yi magana.

Bari in fara share fage. Wannan zance na Amurka ne, inda doka ta ba farar hula damar mallakar ƙaramar bindiga. A Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin haramtattun bindigogi, waɗanda ba mai riƙe su sai da lasisi daga shugaban ƙasa. Don haka mai karatu a Kano ko Kaduna, rabonsa a nan shi ne bayanin tocilar hannu, kuma zai ga ba ƙaramin rabo ba ne. Ko a Amurkan ma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A Tekzas tun 2021 wanda ya kai shekara 21 kuma doka ba ta hana shi ba yana iya ɗaukar bindigar hannu ba tare da lasisi ba, amma 'yan uwanmu na Buronks a Niyok, ko ajiyewa a ɗaki sai da izini. Mai katin zama na dindindin yana iya saya, wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara kuwa gabaɗaya an hana shi, sai a wasu 'yan keɓantattun halaye. A binciki dokar jiha da ta gari kafin a fitar da ko sisi.

To, mu koma kan tebur.

Saitin dare ba shi da batir, ba shi da madanni. A cikin ƙarfen saitin gaba da na baya an dasa 'yan ƙananan kwalabe na gilashi, kowace ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, an cika su da iskar tiritiyam. Tiritiyam wani nau'in haidirojin ne da ke fitar da tururi mai rauni, tururin yana bugun wani shafe da ke jikin gilashin daga ciki, shafen kuma ya ba da haske, galibi kore. Dare da rana yana ci, ko an duba ko ba a duba ba. Amma yana tsufa: duk shekara 12 da 'yan watanni ƙarfin tiritiyam yana raguwa da rabi. Shi ya sa kamfanin Trijicon na jihar Mishigan yake ba da garantin shekara 12 a kan koren saitinsa, kuma ƙirgen yana farawa ne daga ranar ƙira, ba ranar da ka saya ba. Wannan wuri ne da ake cutar sabon shiga. Idan ka ga saiti an karya farashinsa ƙwarai, tambayi shekarar da aka ƙera shi, don mai yiwuwa ya shekara biyar yana ƙonewa a kanta.

Sunayen da za ka ci karo da su su ne Trijicon, AmeriGlo, Meprolight na Isra'ila, XS Sights, da TruGlo. Farashin yawancinsu yana kewayen dala 100 zuwa 150, ban da kuɗin ɗaurawa. Kada ka ce za ka buga shi da guduma a gareji. Kwalbar tana fashewa, iskar ta tsere, ka tashi da ƙarfe kawai. Maƙerin bindiga yana da na'urar da ke tura saitin a hankali.

A cikinsu ni na fi son wanda saitin gaba yake da babban zobe ruwan lemo ko rawaya kewaye da ɗigon tiritiyam, na baya kuma baƙi ne ko mai dusashen haske. Dalilina: mai ɗigo uku masu haske iri ɗaya yana rikita ido a duhu, mutum ya rasa wanne ne na gaba. Akwai kuma wani saiti mai siririn roba da ke zuƙar hasken rana ya yi jawur ko kore shar. Da rana babu kamarsa, amma idan duhu ya yi shi ma ya mutu, sai dai irin na TruGlo TFX da ya haɗa robar da tiritiyam wuri ɗaya.

Yanzu ga tambayar da mai shago ba zai yi maka ba: me saitin dare yake nuna maka? Bindigarka yake nuna maka. Ba ya ƙara ko ƙwayar haske a kan abin da ke gabanka. Kana iya daidaita ɗigonka tsaf a kan wata inuwa a zaure, ba ka san ɗanka ne ya fito shan ruwa ko baƙo ne ya ɓata ƙofa ba. Amfaninsa na gaskiya yana cikin wani ɗan tsakani ne: lokacin da kai kake cikin duhu, wancan kuma yana tsaye inda haske ya isa ka gane shi, misali kana cikin falo a duhu shi yana ƙarƙashin fitilar ƙofa, ko tsakanin magariba da isha'i a wurin ajiye motoci. Sai ƙaramin amfani na biyu, cewa za ka hango inda bindigar take a cikin akwatin ajiya ba tare da lalube ba. Wannan tsakani yana nan, ban musa ba, amma siriri ne.

Wanda yake ganin gane mutum kafin harbi ƙaramin abu ne, ya tuna da Oscar Pistorius, ɗan tseren Afirka ta Kudu. A daren 14 ga Fabrairun 2013 ya yi harbi huɗu ta cikin ƙofar banɗaki a gidansa na Piritoriya, ya kashe budurwarsa Reeva Steenkamp, ya ce ya zaci ɓarawo ne. A 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta same shi da laifin kisan kai, domin ko wane ne a bayan ƙofar, ya san harbin na iya kashe shi. "Na zata" ba ta wanke kowa a gaban alƙali, balle a gaban Allah.

Haske shi ke raba "na zata" da "na gani". A nan tocila ta shigo, kuma iri biyu ce.

Ta ɗaurawa a bindiga tana maƙalewa a wani zirin da ke ƙasan bututu, madanninta na kusa da yatsa. Lambobi biyu za ka gani a kwali, kuma mutane ɗaya kawai suke dubawa. Lumen shi ne yawan hasken da tocilar ke fitarwa gaba ɗaya. Kandela kuwa shi ne ƙarfin hasken a tsakiyarsa, wato nisan da yake kaiwa. Kamar ruwa ne: lumen yawan abin da ke fitowa daga famfo, kandela kuma yadda ka matse bakin tiyo. Streamlight TLR-7A ƙarama ce, lumen 500, kandela 5,000, batir CR123A guda ɗaya, tana daidai da bakin Glock 19 ba ta zarce ba. Yayarta TLR-1 HL tana ba da lumen 1,000 da kandela 20,000 da batir biyu, amma ta fi tsawo da nauyi. SureFire X300 Ultra ita ma lumen 1,000 ce, ta yi suna wajen juriya a hannun 'yan sanda da sojoji, sai dai kuɗinta ya kai ninki biyu na Streamlight ko kusa. Akwai X300 Turbo da lumen ɗinta ya fi ƙasa, 650, amma kandelarta ta haura 60,000. Wannan ta mai gona ce ko mai faffaɗan fili, wanda yake son ganin abin da ke bakin shinge. A cikin gida mai farin fenti da madubi, irin wannan haske yana dawowa ya mari idonka kai ma. Ga mai zama a ɗakin haya ko gida madaidaici, lumen 500 ta wadatar har da saura.

Masu caji da igiya, irin na Olight, sun fi araha kuma ba ka sayen batir. Matsalarsu ita ce halin ɗan Adam: wanda yake mantawa ya caja wayarsa zai manta da tocilar da ke kulle cikin akwati wata shida. Batirin litiyam na CR123A yana iya shekaru a ajiye bai mutu ba, kuma canza shi aikin minti ɗaya ne.

Abu mai kyau a tocilar ɗaurawa shi ne hannuwanka biyu suna kan bindiga, ko ɗaya ya samu damar riƙe yaro, buɗe ƙofa, ko kiran 911, lambar neman agajin gaggawa ta Amurka. Kuma da zarar ka kunna ta, saitinka ko na roba ne da ya zo da bindigar zai fito baƙi ƙirin a gaban hasken, ɗigon tiritiyam kuwa ya ɓace ɓat. Wato wanda ya sayi tocila ya rage buƙatar saitin dare, amma wanda ya sayi saitin dare bai rage buƙatar tocila ba ko kaɗan.

Aibinta kuwa babba ne, kuma a jikinta yake: duk inda haskenta ya nufa, can bakin bindiga ya nufa. Kanar Jeff Cooper, wanda ya kafa makarantar harbi ta Gunsite a Arizona a 1976, ya bar ƙa'idoji huɗu da kusan kowane malamin harbi a Amurka yake koyarwa: a ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi, kada a nuna bakinta ga abin da ba a shirya halakawa ba, yatsa ya nisanci kunama sai an yi saiti, sannan a tabbatar da abin da za a harba da abin da ke bayansa. Wanda ya ji motsi a kicin ya fito yana haska lungu da tocilar bindiga, ya karya ta biyu yana neman cika ta huɗu. A waje kuma, haska mutum da ita daidai yake da nuna masa makami, kuma wannan kaɗai laifi ne idan babu hujja. Malamai suna koyar da a nuna ta ƙasa, hasken ya bugi daɓe ya watsu a ɗakin, abin da ya isa a gane fuska. Dabara ce mai kyau, amma sai da horo.

Ga kuma batun yatsa. Madannin tocila da kunama maƙwabta ne, kuma hannun da ya firgita ba ya bambance su da kyau. Shi ya sa ake so a kunna ta da babban yatsan hannun da ke tallafe, ba da yatsan harbi ba. A Nuwamban 2014 wani ɗan sanda a Burukilin, Peter Liang, ya shiga matattakalar bene mai duhu, bindiga a hannu ɗaya tocila a ɗaya. Harsashi ya fita, ya bugi bango, ya kauce ya kashe Akai Gurley, wanda ba ruwansa da komai. Duhu, firgici, da yatsa a inda bai kamata ba. Babu kayan da za a saya su maye gurbin tarbiyyar wannan yatsa.

Kar a manta da kube. Bindiga mai tocila ba ta shiga tsohon kubenta, sai an sayi wanda aka ƙera don wannan bindiga da wannan tocila takamaimai, kuma bakinsa ya fi faɗi a wajen kunama, don haka mai arha haɗari ne. Wani ƙarin dala 60 zuwa 100 ke nan. Kafin ka zaɓi tocila, duba ko ana samun kubenta. A nan Streamlight da SureFire suka yi wa sauran nisa, domin kusan kowane mai ƙera kube yana yi musu.

Tocilar hannu ita ce ba ta da kwarjini, mai shago bai ma sa ta a kan tebur ba, kuma ita na ce abokina ya fara saya. Da dala 50 zuwa 80 za ka samu mai kyau ta Streamlight ko Fenix. Nemi mai madanni a gindi, wadda idan ka danna kaɗan za ta kama, ka saki ta mutu, kuma wadda take farawa da cikakken haske kowane lokaci. Gudu mai salo biyar da walƙiya da ja da shuɗi. A lokacin tsoro ba ka da natsuwar ƙirga dannawa. Da ita za ka haska bayan gida, ƙarƙashin mota, ko fuskar wanda ke tahowa, ba ka nuna wa kowa makami ba, kuma sau da yawa wanda aka dalle wa haske a ido ya san an gan shi, ya canza hanya. Tana shiga jirgi, tana shiga ofis, tana zuwa gida hutu ta yi aiki ranar da aka ɗauke wuta. Idan ta kama a haɗa ta da bindiga, akwai hanyoyin riƙo da ake koyarwa, kamar ta Harries da ake jingina bayan hannu da bayan hannu, ko ta FBI da ake ɗaga tocilar nesa da jiki don kada haske ya nuna inda ƙirjinka yake. Harbi da hannu ɗaya ya fi wuya, wannan gaskiya ne, kuma shi ne kuɗin da ake biya.

Jan ɗigo irin Trijicon RMR ko Holosun 507C yana taimaka wa wanda idonsa ya fara gajiya da ganin kusa, amma shi ma bindigarka yake nunawa, ba mutumin ba, ga tsada, ga yanka ƙarfen sama idan bindigar ba ta zo a shirye ba. Leza kuwa ban ba ta muhimmanci ba, kuma a Shikago ma haramun ce.

Abokina dai ya sayi tocilar hannu da TLR-7A, tunda tasa bindigar gida ce ba ta yawo ba, ya bar saitin da ta zo da shi zuwa wata shekara. Da a ce ɗauka yake yi a ƙugu kullum, da na ce tocilar hannu da saitin gaba mai zobe, ta ɗaurawa ta jira. Canjin da ya rage na ce ya haɗa da na wata mai zuwa ya biya ajin harbin dare, domin filayen harbi da yawa suna yi, kuma a can ne zai ga yadda hayaƙin harbi ke toshe haske da yadda baƙi ke taruwa a gilashin tocila bayan harsashi hamsin. Na kuma ce ya sa akwati mai kulle saboda yara, ya dasa 'yan fitilun dare na dala goma a zaure da matattakala, sannan ya gaya wa uwargida da babban ɗansa cewa duk wanda ya dawo gida cikin dare, ya yi sallama da ƙarfi tun daga ƙofa.