Sabulunki ya ƙi tauri ko yana marmashewa? Ga abin da ya kamata ki fara saya

Da zarar sabulu ya ƙi yin tauri, abin da yawancin masu haɗawa ke fara nema shi ne sinadarin da za a zuba ya ƙara masa ƙarfi. A ganina wannan shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a kashe wa kuɗi. Sabulun da ya yi laushi har yatsa ke lotsa shi, da wanda ke marmashewa a bakin wuƙa, galibi ciwonsu ɗaya ne: awo. Na farko soda ta yi masa kaɗan ko ruwa ya yi yawa, na biyu kuwa soda ce ta yi masa yawa.

Saboda haka a fara da sikeli. Kofi da cokali ba sa faɗin gaskiya a wannan sana'a, domin kowane mai da adadin sodar da yake ci. Kilo ɗaya na man zaitun yana buƙatar kusan giram 135 na kostik soda, manja kusan 142, man kaɗanya kusan 128, amma alayyadi ya kai wajen 176, man kwakwa ma ya ɗara haka. Ki ga ke nan idan kika sa man kaɗanya a maimakon alayyadi ba tare da sake lissafi ba, sabulun zai fito da zafi, yana gautsi, yana cin fata. Sikelin allura mai sifirin yana da araha, sai dai giram biyar ko goma kan ɓace masa ba ki sani ba. Na lantarki mai nuna giram ɗaya-ɗaya shi ne zaɓi, musamman mai maɓallin da ke cire nauyin kwano ya mayar da awo sifili. Ki duba kuma kada ya zama mai saurin kashe kansa, don ba abin da ya kai ciwon ya mutu kina tsakiyar zuba mai.

Sai sodar kanta. Akwai mai fale-fale, akwai mai ƙwaya kamar sukari. Aikinsu ɗaya, mai ƙwayar ta fi saurin tsalle tana manne wa cokali, shi ke nan bambancin. Abin dubawa shi ne tsabtarta, wadda ake rubutawa kashi 98 ko 99 cikin ɗari, da yadda aka ajiye ta. Soda tana zuƙar danshi da iska, ta dunƙule, ƙarfinta ya ragu. Wadda ta zama curi-curi ko ta jiƙe a leda, a bar wa mai ita, ko da lissafinki daidai ne sabulun zai yi laushi. Gara ƙaramin mazubi mai murfi da babban buhun da za a yi ta buɗewa. A kuma karanta sunan da kyau: sodiyam haidiroksaid, wato kostik soda, ke yin sabulun sanda, fotasiyam haidiroksaid kuwa na sabulun ruwa ne, ba zai taɓa ba ki sanda mai tauri ba.

Tsakanin muciya da injin kaɗawa na hannu, injin ya fi. Idan mai ya taso yana iyo a saman mazubi, ko aka yanka aka ga aljihun ruwa a ciki, haɗin bai kama ba aka juye. Wani lokaci ma kaurin na yaudara ne, mai daskarewa irin kitse ya huce ya yi kauri alhali bai haɗu da soda ba. Ƙaramin ma'aunin zafi na magance wannan, a haɗa mai da ruwan soda a wajen digiri 38 zuwa 43 na Salshiyos. A zaɓi inji mai ƙafar ƙarfe marar tsatsa. Alminiyam dai, tukunya ko mazubi, kada ya kusanci soda, tana cinye shi ta fitar da iska mai kama wuta.

Mazubin silikon yana sakin sabulu cikin sauƙi amma yana riƙe danshi, sai an ƙara masa kwana. Na katako yana riƙe zafi, sabulun ya fi saurin kamawa, sai dai dole a shimfiɗa masa takarda. Farar ƙurar nan da ke fitowa a sama ba ta da illa, sodar da ba ta gama aiki ba ce ta haɗu da iska. Rufe mazubi da rage ruwa zuwa kashi biyu na ruwa, kashi ɗaya na soda, sun fi sayen komai.

Idan duk wannan ya daidaita kuma har yanzu kina son ƙarin tauri, to a lokacin ne za a dubi ƙari. Sodiyam laktet, wani gishiri mai ruwa-ruwa, shi ne mai sauƙin sha'ani, cokalin shayi ɗaya ga kusan rabin kilo na mai, a zuba a ruwan soda bayan ya huce; ya wuce haka sabulu ya koma marmashewa. Sitiyarik asid, wani farin sinadari mai kama da kaki, ya fi ba da tauri, amma sai an narkar da shi a wajen digiri 70, kuma yana daskarar da haɗi kafin ki kai ga mazubi, ba na sabon hannu ba ne. Turare ma haka, wasu na sa haɗi ya dunƙule nan take, don haka a sayi ƙaramar kwalba a gwada tukuna. Kuma kafin ki yanke wa kowane sabulu hukunci, ki ba shi mako huɗu zuwa shida a inuwa mai iska, ruwan jikinsa ya fita.