Keken Hawan Duwatsu: Mai Sifirin Gaba Kaɗai ko Mai Gaba da Baya?

Matasan Kaduna masu fita da keke zuwa duwatsun Kajuru da Kagoro suna yawan tambayata wanne ya kamata su saya: keke mai sifirin (abin da ke shanye jijjigar hanya) a gaba kaɗai, ko mai sifirin gaba da baya.

Mai sifirin gaba kaɗai ya fi arha, ya fi rashin nauyi, kuma a hawan tudu ƙarfin ƙafa yana tafiya kai tsaye zuwa tayar baya. Mai sifirin biyu kuwa a gangare mai duwatsu yake nuna amfaninsa, domin tayar baya tana manne da ƙasa, birki yana kamawa sosai, bayan mahayi ma ba ya shan jijjiga.

Gyara ne ya fi damuna. Mahaɗan sifirin baya suna cinyewa da ƙurar hunturu, alhali kayan gyaransu ba kowane mai gyaran keke ne yake da su ba.

Sabon shiga mai lissafin aljihunsa, mai sifirin gaba ya ishe shi. Wanda ya ƙware a gangare mai haɗari, kuma zai iya ɗaukar nauyin gyara, mai biyu ya fi dacewa da shi.