Wasiƙa Daga Ingila: Gado Mai Cin Mutum Biyu

Yaya, bayan gaisuwa, kin tambaye ni ko magungunan nan sun fi namu. Sun fi, musamman na kashe raɗaɗi. A gidan da nake aikin jinya, wanda suke kira hospis, mofin, wato maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, ba ya yankewa, kuma majinyaci ba ya biyan ko sisi. Gida ne na waɗanda likitoci suka tabbatar cutarsu ba ta warkewa. Wata likita mai suna Cicely Saunders ce ta buɗe na St Christopher's a Landan a 1967, daga nan irinsu suka yaɗu, kuma ita ta koyar cewa ciwo ba a jiki kaɗai yake ba, yana cin zuciya da iyali da imani.

Amma wata tambaya ce ta fi tsaya mini a rai. An koya mana mu tambayi marar lafiya, a keɓe kuma cikin ladabi, ko cutar ta shiga tsakaninsa da iyalinsa. Ranar farko kunya ta kusa hana ni buɗe baki. Wani dattijo mai ciwon daji ya yi shiru, sannan ya ce tun da aka sa masa robar fitsari matarsa ba ta ƙara kwanciya kusa da shi ba, tana tsoron kada ta fama masa ciwo. Ba kwanciyar aure yake nema ba, yawancinsu ma ba ita suke nema ba. So yake ya ji ɗuminta. Muka kawo gado mai faɗi, muka ba shi maganin raɗaɗi da wuri, muka nuna mata gefen da za ta kwanta, muka rataya takarda a ƙofa kada kowa ya shiga.

A daren ranar, lokacin jinyar Baba na tuna. 'Yan dubiya daga hantsi har bayan isha'i, Inna kuwa tana rakuɓe a bakin ƙofa. Wallahi mun fi mutanen nan zumunci, don a nan na ga wanda ya yi mako babu mai leƙo shi. Sai dai a cikin taron namu, matar mutum ce ba ta samun ko minti goma da mijinta.

Tunda jikin Kawu ya yi tsanani, don Allah ki riƙa sallamar mutane bayan isha'i, ki ja labule, ki bar shi da Gwaggo. Kada ki jira ta roƙa, kin san ba za ta iya ba.