Wuskin Arran na gangar Amarone: ja a ido, bauri a baki

Tun kafin in buɗe kwalbar launinta ya kama mini ido. Wuskin Sikotlan da na saba gani ruwan zuma ne, wannan kuwa ja-ja, kamar zoɓon da aka cika wa ruwa. Wani abokin aikina a nan Gilasgo ne ya kawo mini ita tsaraba daga tsibirin Arran na Sikotlan. Na san da yawa cikin masu karatu ba sa kusantar giya, to ku yi haƙuri da ni, maganar ganga ce ta fi yawa a nan.

Dokar 2009 ta ce ba a kiran abu wuskin Sikotlan sai ya kwana aƙalla shekara 3 cikin gangar itacen oak a ƙasar, kuma ƙarfinsa bai gaza kashi 40 cikin ɗari ba. Yawancin gangunan daga Amurka ake sayo su, domin masu bourbon, wato wani wuskin Amurka, ba a yarda su maimaita ganga ba, sabuwa suke amfani da ita kullum. Masana'antar Lochranza da ke tsibirin Arran, wadda ta fara aiki a 1995, takan fara ajiye wannan wuskin a ganga ta yau da kullum, daga baya a juye shi cikin wadda ta taɓa riƙe Amarone. Shi Amarone jan ruwan inabi ne na Valpolicella, kusa da Verona a Italiya, kuma ba a matse inabinsa ɗanye. Shanya shi ake yi wata da watanni har ya yanƙwane kamar zabibi. Abin da katakon ya tsotsa shi ne ya ba wuskin wannan launi, ba rini aka zuba ba.

Hanci ya fi baki morewa, gaskiya. Da na kai ƙaramin kofin kusa, ƙamshin dabino mai laushi na fara ji, sai zabibi, can ƙasa kuma baƙar cakulan. Na ɗauka zaƙi zan tarar.

Ashe ba haka ba. Kurɓar farko ta ƙona mini harshe, don kashi 50 ne ƙarfinsa, zaƙin ya leƙo ya wuce, sai bauri ya zauna a dasashi, irin wanda goro ke bari idan ka gama tauna shi. Daga fatar inabi da katako yake fitowa. Daren farko har na yi tunanin in mayar da kwalbar bayan kabad. Washegari na ɗiga ruwa da ƙaramin cokali, ɗigo huɗu ko biyar, na bar shi minti 10 ina wanke kwanuka. Da na dawo zafin ya kwanta, dabinon da hanci ya yi alkawari ya iso baki, baurin kuma ya koma ƙarshe inda yake da daɗi.

Kuskure ɗaya na yi: na haɗa shi da kilishi. Yaji da bauri suka taru a harshe, ban ji ɗanɗanon ko ɗaya ba. Da guntun baƙar cakulan kuwa sun zauna lafiya.

Wanda bai taɓa shan wuski ba, ya fara da na Arran mai shekara 10, ya fi sauƙin kai. Ni dai kwalbar ta kai rabi yanzu, kuma cokalin yana nan kusa da ita.